Darasi na Tara: Kafa Hujjar Aiki ga Mai Neman Izinin Zama a Wata Ƙasa

A zamanin da fataken Bebeji suke ɗaura wa jakuna kaya su bi ayarin Gwanja, wato zamanin da aka haifi Alhassan Ɗantata a wannan gari cikin shekarar 1877, har ya girma ya bi sawun iyayensa Agalawa zuwa kasuwannin goro na Kumasi da bakin teku, ba a tambayar baƙo wata takarda da za ta nuna ya san sana'arsa, domin madugu ya san shi, mai masauki a zango ya san mahaifinsa, kuma kalma guda daga bakin dattijon da aka amince da shi ta isa a danƙa wa saurayi dukiya ya yi tafiyar watanni da ita. Haka nan kakanninmu da suka nufi Makka a ƙasa, suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, suka tsaya shekaru suna tsinkar auduga a gonakin Jazira na Sudan don su tara guzuri, hannunsu ne shaidarsu, wanda ya iya aiki a gani a biya shi. Wannan al'ada ta yarda da baki tana nan da ranta a ƙasarmu, kuma abar girmamawa ce. Har gobe in mutum yana neman magini a Kiru, ko mai gyaran injin ban-ruwa a Tiga, majalisa zai je ya yi tambaya, a nuna masa ƙofar gwani.

To amma wanda ya ƙudurta fita neman halali a Saudiyya, ko Ƙatar, ko Ingila, ko Kanada, lalle ne ya san cewa mutumin da zai yanke hukunci a kan buƙatarsa yana zaune ne a wani ofishi mai nisa, bai taɓa ratsa dajin Falgore ba, bai san ranar da kasuwar Kwanar Dangora take ci ba, ba shi da majalisar da zai je ya tambayi halin wane, kuma babu abin da yake gabansa face 'yan takardun da aka aika masa. Ƙa'idar da yake aiki da ita kuwa ita ce wadda malamanmu na fiƙihu suka karantar da mu tun a zaure, cewa kawo hujja yana wuyan mai da'awa ne. Wanda ya ce ya shekara goma yana walda a Tudun Wada da'awa ya yi, ko da kuwa duk garin sun san gaskiya ya faɗa, kuma da'awarsa ba za ta zama hujja ba sai ta sami bayyina wadda baƙo zai iya karantawa, ya bi sawunta, ya tabbatar. Yadda ake tara wannan bayyina, da gaskiya kuma tun da wuri, shi ne maƙasudin wannan darasi.

Abin da hukumomin waje suke nema

Kowace ƙasa da nata sharuɗɗan, kuma sharuɗɗan suna sauyawa, don haka wajibi ne mai nema ya karanta su a shafin intanet na hukumar ƙasar ita kanta, ko ya sa wanda ya yarda da shi ya karanta masa, tun da karantawar ba ta da ko kwabo. Sai dai za mu ɗauki Kanada misali, saboda ita ce ta fi tsefe bayani dalla-dalla, kuma wanda ya shirya takardunsa bisa ma'auninta da wuya wata ƙasa ta nemi abin da ba ya hannunsa. A tsarinta mai suna Express Entry, wanda ta fara a watan Janairun 2015, ana buƙatar ƙwararren ma'aikaci ya nuna ya yi aƙalla shekara guda cur, babu yankewa, a sana'a ɗaya, cikin shekaru 10 da suka wuce, kuma shekarar a wurinsu awa 1,560 ce, wato awa 30 a kowane mako. Masu sana'ar hannu kuwa suna da tasu ƙofar, inda ake neman shekara 2 cikin 5 na baya. Aikin kuma sai wanda aka biya lada a kansa. Na sa-kai ba ya shiga lissafi, kuma wannan magana ce mai nauyi ga 'ya'yanmu da suka gama makarantar kiwon lafiya ko ta horon malamai suka shekara suna taimakawa a asibiti ko firamare ba tare da albashi ba, domin ladansu yana wurin Allah, amma waɗannan shekaru ba za su ƙirgu a wannan ma'auni ba. Ba kowace sana'a ce kuma ake karɓa ba: mai walda da bakanike da nas suna cikin jerin ƙwararru, lebura ba ya ciki. Kuma kada a ruɗi kowa, shaidar aiki rukuni ɗaya ce tak, akwai jarrabawar harshe da tantance ilimi a bayanta.

Ƙasashen Larabawa, inda galibin mutanenmu suka fi nufa, sun fi tsananta wa ma'aikatan lafiya. Hukumar da ke ba su lasisi a Saudiyya ba ta wadatuwa da ganin wasiƙa, sai ta sa kamfanin DataFlow ya tuntuɓi makarantar da ta ba da shaida, da hukumar da ta ba da lasisi, da asibitin da aka ce an yi aiki a cikinsa, ya tambaye su kai tsaye ko takardar daga gare su ta fito. Ma'anar wannan ita ce, ungozomar da ta yi aiki a babban asibitin Tudun Wada ba ta gama shiri ba don kawai ta riƙe wasiƙa a hannu, sai ta tabbata fayil ɗinta yana nan a rajista, kuma lambar waya da adireshin imel da aka rubuta akwai mai amsa su.

Wasiƙar ma'aikata

Uwar hujjoji ita ce wasiƙar da wurin aiki ya rubuta, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe, saboda sun saba da irin takardar yabo da ake ba mutum in zai bar aiki, wadda take cewa wane mutumin kirki ne, mai ladabi da ƙwazo, muna yi masa fatan alheri. Irin wannan takarda tana faranta rai, amma ba ta amsa ko ɗaya daga tambayoyin jami'i ba. Abin da ake so shi ne wasiƙa a kan takardar ma'aikatar mai ɗauke da sunanta da adireshinta da lambar wayarta, wadda za ta ambaci cikakken sunan ma'aikaci kamar yadda yake a fasfonsa, da muƙamin da ya riƙe, da ranar da ya fara da ranar da ya bari, da yawan awoyin da yake yi a mako, da albashinsa na shekara tare da alawus, sa'an nan ta zayyana ayyukan da yake yi da hannunsa ɗaya bayan ɗaya, kana shugabansa na kusa ko jami'in kula da ma'aikata ya sa hannu, ya rubuta sunansa da muƙaminsa, a buga hatimi. In mutum ya hau matakai a wuri ɗaya, a rarrabe kowane mataki da kwanakinsa.

Zayyana ayyukan nan shi ya fi komai muhimmanci, domin jami'i da aikin yake auna mutum, sunan muƙami bai dame shi ba. A ce wani yana aiki a injin casar shinkafa a Tudun Wada, mutane suna kiransa manaja. In wasiƙa ta tsaya a kan wannan kalma ba ta faɗi komai ba, amma in ta ce shi ne yake karɓar shanshera ya auna ya rubuta, shi yake tsara wa ma'aikata aiki, shi yake lura da gyaran inji da sayen mai, shi yake haɗa lissafin wata, to baƙo ya ga mutumin a bakin aikinsa. Kuma a rubuta ayyukan da kalmomin wurin, kada a kwafo jerin ayyukan da hukumar Kanada ta wallafa harafi da harafi, domin jami'an sun haddace jerin nasu, kuma kwafe yana jawo tuhuma ko ga mai gaskiya.

Ma'aikacin albashi

Wanda yake aikin gwamnati ko na kamfani, kamar malamin firamare a ƙarƙashin sakataren ilimi na Doguwa, ko ma'aikacin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a madatsar Tiga, ko na Makarantar Horon Lauyoyi da ke Bagauda, lamarinsa mai sauƙi ne in bai yi sakaci ba, domin aikin nasa da kansa yana haifar da takardu: ta ɗauka, da ta tabbatarwa a aiki, da ta ƙarin girma, da ta canjin wurin aiki, da katin shaida, da takardar albashi ta wata-wata. A haɗa waɗannan da bayanin asusu daga banki, wanda zai nuna albashin yana shigowa daga ma'aikatar a ƙarshen kowane wata, da takardar haraji, da kuma bayanin asusun fansho ga ma'aikatan tarayya da na kamfanoni, wanda aka kafa tsarinsa da dokar 2004. Hikimar tara su ita ce, wasiƙa ɗaya riwayar mutum ɗaya ce, amma in banki ya faɗi abin da ma'aikata ta faɗa, ofishin haraji ya maimaita, kamfanin fansho ya ƙarfafa, alhali babu wanda ya haɗa baki da wani a cikinsu, to labari ya zo ta hanyoyi da yawa, shakka ta kau.

Mai sana'ar kansa

Yanzu sai mu zo inda gizo yake saƙa, domin mafi yawan waɗanda suke zaune a wannan aji ba su taɓa karɓar takardar albashi ba. Akwai bakanike a bakin titin Zariya, da tela, da kafinta, da direban tarakta da yake kwana a gonakin masara na Doguwa in damina ta faɗi, da matar da ta shekara ashirin tana turara shinkafa tana kaiwa inji, waɗanda ƙwarewarsu ta fi ta masu takarda da yawa, amma an koya musu a gaban maigida, ana biyansu a tafin hannu, kuma babu inda alƙalami ya taɓa ambaton sunansu. Abu na farko da yake zuwa wa irin wannan mutum a rai shi ne ya je kotu ya yi rantsuwa cewa ya shekara kaza yana sana'a kaza. To ya sani, hukumar Kanada ta faɗa a fili cewa rantsuwar mai sana'ar kansa, da bayanin ayyukan da ya rubuta wa kansa, ba hujja ba ne a wurinta, kuma wannan bai saɓa wa abin da muka sani ba, tun da babu alƙalin da yake karɓar shaidar mutum a kan da'awar kansa. Abin da take nema shi ne shaidar mallakar sana'ar, da shaidar kuɗin da take kawowa, da takardu daga wasu mutane dabam waɗanda aka yi wa aiki suka biya.

Shaidar mallaka ita ce rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da rasit na kuɗin shago, da na harajin ƙaramar hukuma, da katin ƙungiyar sana'a, ko ta makanikai ce, ko ta direbobi, ko ta manoman shinkafa. A lura dai, rajistar da aka yi bana tana shaidar bana ne da abin da zai biyo baya, ba ta komawa ta shaidi shekarun da suka shuɗe, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin yin ta tun ba a fara maganar tafiya ba. Shaidar kuɗi kuwa ta yi sauƙi a yau, tun da ciniki da yawa ya koma ta waya. Abin da ya rage shi ne mutum ya ware asusu guda don sana'a kaɗai, kada ya cakuɗa shi da kuɗin adashi da gudummawar biki, kuma ya roƙi mai turo kuɗi ya rubuta dalilin turowar. Ya sayi littafin rasit mai kwafi, ya kuma riƙe littafin aiki, inda kowace rana zai rubuta kwanan wata, da sunan mai aiki, da irin aikin, da abin da aka biya, ko da boko ko da ajami, domin ajami ma yana fassaruwa. Wanda ya ga wannan baƙon abu ne, ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubuta mu'amala umarni ne da muka riga kowa samu, sakaci ne ya raba mu da shi.

Takardun wasu mutane su ne mafi ƙarfi. In kafinta ya taɓa yi wa wata makaranta kujeru, ya nemi kwafin takardar kwangilar da ta biyan kuɗin. In direban tarakta yana yi wa wata ƙungiyar manoma huɗa kowace shekara, shugabanta ya rubuta masa, da kwanaki da yawan kadada da lada, ya sa lambar wayarsa. Shaidu uku ko huɗu irin waɗannan, daga mutanen da ba danginsa ba, sun fi tarin takardun yabo. Na ce waɗanda ba danginsa ba ne saboda da yawa daga cikinmu a shagon uba ko na kawu muka tashi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa saboda tuhumar son kai. Jami'in waje ma da wannan idon yake kallon wasiƙar da sunan mai sa hannu ya yi daidai da na mai nema. Ba a hana kawo ta ba, amma a bayyana dangantakar a fili, a kuma tallafe ta da shaidar bare. Takardar dagaci ko hakimi tana da darajarta wajen tabbatar da asalin mutum da mazauninsa, sai dai ba ta tsayawa a madadin shaidar aiki.

Akwai kuma hanyar mayar da ƙwarewar hannu ta zama takardar gwamnati. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yi wa masu sana'a jarrabawar gwaji, wadda aka fi sani da Trade Test, mai daraja uku, a fara daga ta uku a hau zuwa ta ɗaya. Hukumar NABTEB tana da tata jarrabawar. Hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin da ake auna abin da mutum ya riga ya koya a bakin aiki a ba shi shaida a kansa. Waɗannan takardu suna nuna iyawa, ba sa ƙirga shekaru, amma kwanan watan da ke jikinsu yana kafa wa mutum turke a tarihi. A je a zauna jarrabawar da kai. Wadda aka kawo wa mutum gida bai taɓa ƙarfe ba, takardar zur ce ko da hatiminta na gaske ne.

Ina kuma da magana da iyayen gida, masu gareji da masu inji da masu shago, waɗanda yaro zai zo musu da ladabi yana neman wasiƙa su yi ta ja masa rai, don ba sa son rasa hannunsa. Ayar da take bin ayar bashi ta hana ɓoye shaida, ta kuma ɗora zunubi a kan mai ɓoyewa. Yaron da ya ba ka ƙuruciyarsa yana da haƙƙin ka faɗi gaskiyar abin da ya yi, ba ƙari ba ragi, kuma malamanmu ba su taɓa ganin ba almajiri ijaza a matsayin asara ba.

Suna da kwanan wata

Sau da yawa abin da yake rushe buƙatar mai gaskiya saɓani ne tsakanin takardunsa. A shaidar firamare an rubuta shi da sunan mahaifinsa, a ta sakandare an liƙa masa sunan gari ya zama wane Bebeji ko wane Kiru, a banki an rubuta Muhammad da wasu haruffa, a katin NIN da wasu, ranar haihuwa kuma ga 1 ga Janairu a nan, ga wata dabam a can, wataƙila ma an taɓa rage shekaru don neman aiki. Mu mun san mutum ɗaya ne, amma a idon baƙo mutum uku ne. Sai a shimfiɗa takardun duka a tabarma a gwada su tun kafin a nemi fasfo, a gyara abin da yake gyaruwa a hukumar da ta ba da shi, wanda ba ya gyaruwa kuma a yi masa takardar rantsuwa da sanarwa a jarida, domin a nan kam rantsuwa tana da amfani. A kuma duba lissafin shekaru da idon basira: in wasiƙa ta ce mutum ya zama cikakken bakanike a shekarar da fasfonsa ya nuna yana ɗan sha uku, ko ta ce yana aiki a Riruwai a shekarar da yake hidimar ƙasa a wata jiha, dole a yi tambaya. Shekarun koyo a rubuta su a matsayin koyo. Aikin da ake yi da kaka kaɗai a ajiye da rani, a faɗi haka, ko da zai rage lissafi. In akwai giɓi, ko wata takarda ta gagara samuwa, a rubuta gajeren bayani na gaskiya a haɗa, tare da shaidar ƙoƙarin da aka yi.

Shaidar zur

Babu makawa, wanda ya fara wannan nema zai haɗu da dillalin da zai ce masa ya kawo kuɗi kawai, za a haɗa masa wasiƙa daga wani kamfani a Kano ko Abuja, da takardun albashi na shekara biyar, har da wanda zai amsa waya. Hukuncin wannan a addini ba ya buƙatar dogon bayani, domin shaidar zur tana cikin manyan kaba'irai da aka jera tare da shirka da saɓa wa iyaye, kuma abincin da aka samu ta wannan ƙofa da shi za a ciyar da iyali. Hukuncinsa a dokokin ƙasashen kuwa shi ne, Kanada tana haramta wa wanda aka kama shiga ƙasarta shekara 5, Ingila tana iya kaiwa shekara 10, ana kuma iya ƙwace izinin ko bayan mutum ya shiga ya zauna ya yi iyali, kuma cewa dillali ne ya cika takardun ba uzuri ba ne, tun da sunan mai nema ne a ƙasan su. Zanen yatsun da aka ɗauka yana nan ajiye, wasu ƙasashen kuma suna musayar bayani a tsakaninsu.

Cutar kuma ba ta tsayawa a kan mai ita. A shekarar 2023 hukumar nas-nas da ungozoma ta Ingila ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawa da ke Ibadan, sai ta soke sakamakon duk waɗanda suka zauna a wurin, masu laifi da marasa laifi, aka ce su sake. Haka abin yake a ko'ina: kowace takardar ƙarya da aka kama daga Kano tana ƙara wa 'yar Doguwa mai gaskiya watannin jira da nauyin tuhuma. Kuma dillalin da ya iya yi wa hukuma ƙarya dominka, zai iya yi maka ƙarya a kan aikin da albashin da kafilin da za ka tarar. Da yawa daga 'yan'uwanmu da suka ƙare a zaman takari, babu iƙama babu 'yancin zuwa asibiti, ta irin wannan hannu suka bi. A tambayi duk mai ɗaukar ma'aikata zuwa waje lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago, in kuma aka ga alamar safarar mutane, hukumar NAPTIP tana da ofishi a Kano.

Lokacin tarawa da wurin ajiya

Manomi da kaka yake ware iri, ba ya bari sai ranar da aka yi ruwan shuka. Haka ma takardun aiki, ana karɓarsu ne tun ana tare ana ga-maciji. Maigida yana rasuwa, shago yana tashi, kamfani yana rufewa. Dattawan da suka yi aikin kuza a Riruwai kafin kasuwarta ta faɗi a duniya a 1985, da waɗanda suka yi aiki a masaƙun Bompai da Sharaɗa da suka daina hayaƙi, in an ce yau su kawo wanda zai sa musu hannu, ina za su same shi? Wanda kuma Kanada ta gayyata ya miƙa takardunsa kwana 60 kacal take ba shi, kuma kwana 60 ba sa isa a farauto wasiƙar wurin da aka bari shekara takwas. Saboda haka duk wurin da mutum zai bari, ya karɓi cikakkiyar wasiƙa kafin ya yi sallama, ko yana da niyyar fita waje ko ba shi da ita, domin takardun nan su ne dai za su yi masa amfani wajen neman rance ko kwangila ko aiki a nan gida.

Asalin takardu a sa su a leda mai kauri cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da ɗigon damina, kada a miƙa wa dillali asali ko fasfo ya tafi da su. A ɗauki hoton kowace a fili, kusurwa huɗu suna bayyane, a aika wa kai ta imel don ko waya ta ɓata. Takardar da take da Hausa ko Larabci, in za ta Kanada, sai an fassara ta zuwa Ingilishi ko Faransanci ta hannun mai fassara da aka yarda da shi, wanda ba mai nema ba ne kuma ba danginsa ba. Wasu ƙasashe kuma, musamman na Larabawa, sukan buƙaci a kai takardun ilimi Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja a buga musu hatimi, sa'an nan ofishin jakadancinsu ya buga nasa. A tambaya tukuna kafin a kashe kuɗin mota.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya sami sabon littafi, ya ware shafi guda ga kowane wurin da ya taɓa aiki tun daga ranar da ya fara karɓar lada, ya rubuta shekarar farawa da ta bari, da ayyuka biyar da yake yi da hannunsa, da sunayen mutum biyu da ba danginsa ba waɗanda suke raye kuma za su iya shaida, da kowace takarda da take hannunsa game da wurin. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya faɗa wa na kusa da shi ya rubuta masa. A zo da littafin mako mai zuwa tare da katin NIN da duk wata shaidar makaranta, za mu gwada sunaye da kwanaki a aji, sa'an nan kowa ya tsara wasiƙar da zai kai wa maigidansa ya duba ya gyara ya sa hannu.